Ajin Da Na Gina A Kan Burtali

Shekarun baya can, lokacin da jiharmu ta Zamfara take sabuwa fil, na tafka wani kuskure wanda har yau idan abokaina suna so su rufe mini baki a wajen hira, shi suke tayarwa. Yau dai bari in ba ku labarin da bakina, kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri.

Ina da wani aboki da muka yi kwalejin horon malamai tare. Da muka gama, ni aka bar ni a cikin garin Kaura Namoda inda aka haife ni, shi kuwa aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Zurmi, can ta hanyar Gurbin Bore. Har jaje muka yi masa. Mutumin nan ya je ya zauna, ya shekara goma sha wani abu bai taɓa neman canji ba. Shi ne malami, shi ne hedimasta, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ke karanta musu takardar asibiti. Har gona mutanen garin suka yanka masa a bakin gari, yana noma geronsa kamar kowa.

Abin da ya fi alfahari da shi a duk zamansa can shi ne yaran wata rugar Fulani da ke arewa da garin. Ya yi shekaru yana sintiri wajen Arɗonsu, dattijo ne mai ƙarancin magana, kafin ya yarda ya ba shi yara. Abin da Arɗo ke tsoro ɗaya ne, kada boko ta raba 'ya'yansu da shanu. Abokina ya yi masa alkawari baki da baki cewa makaranta ba za ta taɓa cutar da shanu ba. Ya kuma cika, don har lokacin shiga aji ya sassauta musu, sai sun gama tatsa da safe suke zuwa, ba mai dukansu a kan latti. A haka ya samu yara goma sha ɗaya. In kuna hira da shi a lokacin, sai ya lissafa maka su ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya haife su.

Da soja suka ce za su koma bariki aka buɗe siyasa, mutanen yankin suka taso shi gaba wai sai ya tsaya musu takarar majalisar dokoki ta jiha. Ya ce shi alli ya sani. Suka ce ai dama mai allin suke so, sun gaji da masu zuwa da mota su tafi da mota. A kan tsohon babur ɗinsa ya yi yawon neman ƙuri'a, kuma Allah Ya ba shi. Ya tattara ya koma Gusau, daidai lokacin da ake ta shirin ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da baƙi, kowa bakinsa gyara da adalci. Kafin ya tafi ya roƙi a ba ni kujerarsa ta hedimasta. Ya ce mini, "Malam, ga makaranta nan, ga ɗiyan ruga nan. Kome za ka bari shi lalace, ban da su."

Ni kuma ga ni ɗan birni a ganina. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi, mahaifina can ya yi aiki har ya gama. Na san lokacin isowar jirgi, na san inda ake sayar da tsire mai kyau a bakin tasha, amma ban taɓa riƙe fartanya da sunan aiki ba. Saniya kuwa a mahauta na fi saninta. Duk da haka na isa ƙauyen nan bayan an gama girbi, da takalmi sau-ciki da jakar hannu, ina jin ni ne na zo in wayar da su.

Makarantar ɗaki biyu ce ta ƙasa a tsakiyar gari, sauran azuzuwan kuma gindin tsamiya. Ba a daɗe ba sai ga saƙo daga abokina, ya yi ta bin ofisoshi har an amince a gina mana aji uku na bulo da kwano. Aikinsa na farko ke nan a mazaɓa tun da aka zaɓe shi. Ya rubuto cewa zaman majalisa ya riƙe shi, in samu mai gari mu zaɓi fili, ɗan kwangila yana tafe.

A tsohon wurin ba sarari, gidaje sun kewaye shi. Na tambayi manoma biyu uku ko za su ba da gefen gona, kowa ya sosa ƙeya. Ran nan da yamma ina zagayawa bayan gari sai na faɗa wani wuri da ya burge ni. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ƙasa a daddaɓe kamar an share, ba kunyar noma ba kututture, ya yi faɗi sosai a daidai nan kafin ya tsuke ya gangara wajen gulbi. Abin da ya ƙara sace mini zuciya, hagu da dama duk aguwa ce a jere, wannan tsiron mai farin ruwa da ake shinge da shi. Na tsaya na riƙe ƙugu na ce, ikon Allah, ga fili har da shinge kyauta, mutanen nan suna zaune ba su gani ba.

Na garzaya wajen mai gari na kwatanta masa. Ya yi shiru, ya dubi dattawan da ke gefensa, su ma suka dubi ƙasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na wane ne?"

Ya ce, "To, Malam, wurin ga dai ba gonar kowa ba ta."

Na ce, "Alhamdu lillahi, an gama."

Da ina da wayo da shirun nan ya ishe ni. Wurin burtali ne, hanyar da shanu ke bi su je mashaya idan damina ta sauka an shuke gonaki. Aguwar da na ɗauka kyauta ce aka yi mini, kakannin mutanen ne suka dasa don ta raba shanu da shuka. Ni kuma da rani na zo, lokacin da manyan garkuna sun yi kudu neman ciyawa, 'yan shanun da suka rage kuma ko'ina suke ratsawa tunda gonaki a buɗe suke. Kalmar burtali na san ta sarai, na sha rubuta ta a allo. Ganin idona ne ban taɓa yi masa ba. Manoma kuwa suka ga in aka gina a nan gonar kowa ta tsira, wasu ma dama suna da haushin ɓarnar da shanu suka yi musu bara, sai kowa ya ja bakinsa. Yaran ruga ma sun gani, amma tarbiyyarsu ba ta bari su yi wa malami gyara ba. Arɗo kuma ya bi garke kudu a shekarar.

Aka haƙa harsashi, aka zuba kankare, bulo ya fara hawa. Kullum bayan an tashi makaranta ina can, hannu a baya, ina ba birkiloli shawarar da ba su tambaye ni ba. Har rediyo aka faɗi aikin, aka ce ɗan majalisa malami ya tuna da gida. Kafin ruwan farko gini ya kai taga, ya tokare filin nan daga aguwa zuwa aguwa, ɗan abin da ya rage a gefe ko jaki mai kaya sai ya karkata.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito ya yi kamar tsawon yatsa. Wata safiya na fito zan duba gini kafin a buga ƙararrawa, sai na ji ƙasa tana amsawa. Garken ruga ne ya dawo daga kudu, shanu ba iyaka, sun biyo hanyarsu ta kullum za su gulbi. Na gaba suka zo suka yi turus a gaban bangona. Na baya suna turowa, ga ƙishirwa, ga ƙamshin ruwa suna ji. Kafin makiyayan su ankara wasu sun fasa aguwa sun faɗa gonar wani bawan Allah. Mai gonar ya taho da gudu da fartanya a ɗage, 'yan'uwansa na biye, samarin Fulani su ma suka gyara riƙon sanda. Ni ina tsaye a kan tarin yashi da rajista a hammata, a lokacin ne na gane abin da na aikata.

Allah Ya kawo Arɗo. Bai ɗaga murya ba. Ya yi wa yaransa magana da Fulatanci suka sauke sanduna, ya ba mai gona haƙuri, ya ce a kiyasta ɓarna. Sannan ya dubi ginin tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya dube ni, ya sa aka juya garken. Ranar sai da suka yi zagaye mai nisa ta wani tudu mai duwatsu kafin shanu su sha ruwa, rana ta riga ta take.

Washegari na buɗe rajista ina kiran suna. Na zo kan yaran ruga, shiru. Duk sha ɗayan ba ko ɗaya. Jibi ma haka. A rana ta uku na ɗauki ƙafa na tafi rugar, ina ta shirya jawabi a hanya. Arɗo ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono a ƙwarya, ya bari na sha, ya bari na yi jawabina har na gaji. Sannan ya ce, "Malam, kai baƙo na, ba mu riƙe ka ba. Amma wancan Malamin, nan wurin da kake zaune ya zauna ya ce boko ba ta cutar shanu. Yau ga boko ta tsaya tsakanin shanu da ruwa. Wasu sun ce in kai ƙara wurin alƙali tunda shari'a ta zo. Ni ba ni kai malamin ɗiyana ƙara. Ɗiyana dai na ɗauke."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya aka ce in riƙe, shi ne na saki tun damina ba ta yi nisa ba.

Lokacin wayar hannu ba ta zo ba. Na hau babur zuwa Zurmi, na shiga mota zuwa Kaura, na sake wata zuwa Gusau. Na samu abokina ya fito daga zama, cikin babbar riga, mutane sun kewaye shi kowa da takardarsa. Tare da shi akwai shugaban jam'iyya na yankinmu. Muka keɓe na zayyana musu komai, ina yi ina rage laifina inda zai ragu.

Shugaban jam'iyya ya riga shi magana. Ya ce, "Onarabul, wanga ba abin tashin hankali ba na. Gini ya kai taga, an faɗi a rediyo, manya sun sa ranar buɗewa. Shanu su zagaya mana. Ƙuri'a nawa ke ga rugar nan? In ka taɓa ginin ga, abokan hamayya sun samu waƙar da za su yi maka har zaɓe."

Abokina ya kau da kai daga gare shi. Ni ya juyo ya kalla.

"Malam, da ka je wurin, ba ka ga aguwa ba?"

"Na gani."

"Hagu da dama?"

"Hagu da dama."

"To mi ka ɗauke ta?"

Na ce, "Shinge."

Abokina ya yi dariya har sai da ya dafa bango, hularsa ta kusa faɗuwa. Ni ma na soma murmushin dole. Can sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Duka sha ɗayan?" Na ce duka. Sai ya juya ya ce wa shugaban jam'iyya, "Alhaji, mu ne munka ɗaga hannu cikin zauren can munka ce shari'a muke so. Mu ne kuma muke koya wa yara in sun ga ƙaya bisa hanya su kau da ita. Sai ga shi ni na dasa aji uku bisa hanyar mutane. Da wane baki zan koma ciki in yi maganar adalci?"

Ranar Asabar ya iso ƙauyen. Ya aika aka kira mai gari da dattawa, aka kira Arɗo, aka kira ɗan kwangila, aka taru a jikin ginin. Ya tuɓe babbar riga ya rataya a kan taga, ya rage daga shi sai 'yar shara, sai ya koma mini malamin da na sani. Yadda yake yi a aji haka ya yi, bai yi wa'azi ba, tambaya ya riƙa yi.

Ya ce wa mai gari, "Baba, tun kana yaro, ina shanu ka bi su sha ruwa da damina?"

Mai gari ya ce, "Nan."

"Da Malam ya zo ya ce nan za a gina, kun sani?"

Tsohon ya dubi dattawansa. Sannan ya ce, "Mun sani. Son zuciya na, Malam. Kowa ya ji tsoron gonarsa."

Na sunkuyar da kai ina jiran nawa kason. Sai na ji abokina ya ce, "Hedimasta baƙo na, bai sani ba. Ku kun sani kunka yi shiru. Ni kuwa na fi kowa laifi, don na san garin ga kamar tafin hannuna, amma na zauna Gusau na aiko takarda, ban zo na duba da idona ba. Arɗo, ni na yi maka alkawari, ni na karya. Ka yi haƙuri."

Ɗan kwangila ya ce to yanzu ina za a kai ginin, tunda ba mai ba da fili. Abokina ya nuna gonarsa ta bakin gari, wadda suka yanka masa tun yana malami, geronta ya fito kore shar. Ya ce a kai can. Daga nan ya karɓi guduma a hannun birkila, ya hau kan bulo biyu, ya fara ɓamɓare layin sama da kansa. Bai iya ba, bulon farko a hannunsa ya rabe biyu. Na ga dai ba zai yiwu in tsaya kallo ba, ni da na jawo, na cire takalmina sau-ciki na kama. Sai mai gonar da shanu suka yi wa ɓarna ya matso ya ce mu ba shi wuri, malamai ba su san aiki ba. Kafin azahar gayya ta haɗu ba wanda ya kira ta.

Arɗo yana zaune a gefe yana kallo. Da la'asar abokina ya je ya durƙusa gabansa, duk jikinsa ƙurar siminti, ya ce, "Arɗo, ɗiyana fa?"

Ya ce, "Sai shanu sun sha."

Kwana shida muka yi muna rushewa da kwashewa. Bulo da yawa ya karye, wanda ya tsira aka ɗora a amalanke. A rana ta uku sai ga samarin ruga da bijimai biyu, ba su yi wa kowa magana ba, suka ɗaura su a amalanke suka shiga jigila. Harsashin ne kawai ya gagara, kankare ya riga ya kama, aka bar shi a ƙasa aka rufe da yashi. Ranar Juma'a da safe garke ya biyo burtali, na gaba suka ɗan tsaya suna shinshina wurin, sannan suka taka suka wuce gulbi.

Ran Litinin ina gindin tsamiya na buɗe rajista. Abokina bai koma Gusau ba, yana zaune a benci na baya kamar mai duba malamai. Hantsi ya ɗaga, lokacin da aka gama tatsa, sai muka hango su tafe a jere, Arɗo a gaba da sandarsa a kafaɗa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Sha uku ne. Ya ƙaro jikokinsa mata biyu da ba a taɓa kawowa ba. Ya tsaya a bakin inuwa ya ce wa abokina, "Malam, nawa sun sha. Ga naka, su ma a ba su su sha."

Abokina ya tashi ya kama hannun Arɗo da hannu biyu. Ni kuwa na ɓoye fuskata a cikin rajista, wai ina neman layin da zan rubuta sababbin suna.

Shugaban jam'iyya bai yi ƙarya ba, an yi masa waƙa. A zaɓe na gaba duk inda ya je sai 'yan hamayya su riƙa kiransa mai rushe aji. Ginin ma sai da ya ƙara kusan shekara kafin a sa masa kwano, ba kuma wani babba da ya zo buɗewa. Amma ya ci zaɓen, ya yi zango na biyu, kuma a majalisa duk lokacin da aka zo maganar gina wani abu a karkara, shi ne mai tashi ya ce a je a duba wurin da damina tukuna. Da ya gama bai nemi wata kujera ba. Ya dawo gida, yana zuwa makarantar nan yana ɗaukar aji ɗaya kyauta har ƙarfinsa ya ragu.

Kowa ya san abubuwan da suka faru a yankinmu daga baya tsakanin manoma da makiyaya, ba sai na tayar muku da ciwo ba. Idan abin ya dame ni nakan tuna makon nan, in ce na dai taɓa gani da idona manomi da Bafulatani suna ɗaga bulo ɗaya, don mutum guda ya yarda ya ce ni na yi laifi a gaban jama'a. Abin da ya yiwu sau ɗaya ban cire rai zai sake yiwuwa ba. Ni kuma na koyi cewa in na shiga wuri na ga abu a shirye ba mai shi, in tambayi wanda ba ya nan kafin in ce na tsinta.

Bara na je gaishe da abokina, tsufa ya kama shi amma dariyar tana nan. Muka taka har makarantar. Wadda ke riƙe da aji ɗaya yanzu, ɗaya ce daga cikin jikokin Arɗo biyun nan da na rubuta sunansu ranar. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce yara sun yi yawa, suna neman a ƙara musu aji. Abokina ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Ga gwanin zaɓen fili nan na kawo muku."

Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya, ta ce, "A'a Baba, Malam dai ya zo buɗewa."